Koren Fenti da Keken Baba Labbo

A cikin duk ranakun da na shafe ina zana wa titi layi, akwai wata Laraba da har yau ta ƙi barin raina. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kun sha jin ana tsokanata da "Foman mai darduma", kuma na tabbata babu wanda ya taɓa gaya muku asalin sunan yadda yake. To yau zan faɗa muku da bakina, tun kafin wasu su ƙara masa gishiri.

Lokacin ni ne foman na sashen fenti a ofishinmu na gyaran hanya a Gusau. Ga wanda bai san tsarin ba, injiniya shi ke zana aiki a takarda, foman ya sauke shi a kan kwalta, masu fenti su shafa, leburori su share wuri su tare motoci. Foman ba ya tambayar dalili. Nasa awo ne: faɗin layi kaza, tsawonsa kaza, daga nan zuwa can. Na daɗe ina haka ban taɓa jin na rasa wani abu ba. Farin layin tsakiya, rawayan gefe, zanen da masu ƙafa ke tsallaka titi a kai, duk na san su kamar yadda na san hanyar gidana a Damba.

Sai aka kawo mana Injiniya Sanusi, matashi mai fara'a da bai daɗe da dawowa daga wani kwas ba. Wata safiya cikin bazara ya kira ni ofis, ya shimfiɗa mini zane a kan tebur. Zanen wata mahaɗa ce da na sani sarai, inda manyan motocin da suka taso daga wajen Tsafe suke karya dama su ɗauki hanyar Bungudu, su kuma masu kekunan da suka fito daga ƙauyuka suke miƙewa zuwa kasuwa. A gefen dama na titin an ware wata siririyar hanya da farin layi, an zana hoton keke a cikinta. Wannan na gane. Amma da hanyar ta iso bakin mahaɗa, sai ta buɗe ta zama wani faffaɗan fili kore mai kusurwa huɗu, ya tare gaban titin gaba ɗaya. Layin da motoci ke tsayawa kuma an janye shi can baya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan koren fa?"

Ya ce, "Wurin jiran masu keke ne. Idan mai ba da hannu ya tsayar da hanya, motoci su tsaya a baya, kekuna su shigo gaba su jira."

"Gaban motoci?"

"Gaban motoci."

Na juya takardar ko a kife na riƙe ta. Ba a kife take ba. Na ce, "To in an saki hanya fa? Mota ta fi keke gudu. Ba ta kansu za ta bi ba?"

Ya ɗauki biro ya shiga ja mini kibiyoyi, wannan ta yi nan, waccan ta yi can, yana bayani rabi Hausa rabi Turanci. Da ya gama ya tambaye ni ko na gane. Na ce na gane, domin awon yana rubuce ƙarara, kuma awo shi ne nawa. Na fito da takarda a hammata, kaina a ɗaure tamau.

Mun shiga aikin da sassafe, muka tare rabin hanya da jajayen robobinmu. Leburori suka share yashi tas, don fenti ba ya kama kwalta mai datti. Muka ja igiyar da aka turmusa cikin garin alli, muka ɗaga ta muka saki, ta bar mana layi miƙaƙƙe. Hoton keken kuwa wani maƙeri ne ya yanke mana siffarsa a jikin fallen kwano, sai a kwantar a ƙasa a bi da rola. Kafin fenti ya bushe muka barbaɗa garin gilashi, wanda shi ke sa layi ƙyalli idan fitilar mota ta haska shi. Kore dai ban taɓa shafa shi a titi ba sai wannan karon. Da ya bushe ya fito shar, har ni kaina na ji ba na son a taka mini.

Ashe ba ni kaɗai koren ya ɗaure wa kai ba. Wanda ya fara tare ni shi ne kofur ɗin da ke ba da hannu a mahaɗar. Ya zagaya koren yana kallo, ya ce, "Foman, ni aka yi wa wurin tsayawa haka? Allah ya saka." Na ce ba nasa ba ne, na masu keke ne. Ya yi dariya har hularsa ta karkace.

Kafin azahar gari ya gama yanke hukunci. Wasu suka ce wurin salla ne aka yi wa ma'aikatan hanya, har wani ya zo yana yi mini gyara cewa bai fuskanci alƙibla ba. Wasu suka ce tarko ne, duk keken da ya hau za a kama shi a ce ba shi da lamba. 'Yan kabu-kabu kuwa ba su tsaya dogon nazari ba, suka jera baburansu a kai suna jiran fasinja, sai da kofur ya kore su. Can baya, inda siririyar hanyar ta yi nisa da mahaɗa, mata suka ga wuri a share, mota ba ta hawa, suka baza shanyar barkono. Sannan wani dattijo mai tafiya a ƙafa ya iso bakin koren, ya tsaya, ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya ratsa a hankali, ya mayar da su a ɗaya gefen. Daga ranar aka sa wa wurin dardumar foman, ni kuma sunan ya bi ni har gida.

Injiniya ya ce in riƙa tsayawa a mahaɗar kowace safiya ina wayar wa mutane kai. Wato ni da ban gane abu ba, ni zan fahimtar da wasu. Na sa rigata mai ƙyalli na tsaya. Mata suka kwashe barkono da na roƙe su, direbobi suka fara tsayawa bayan layi saboda tsoron kofur. Masu keken da aka yi abin dominsu ne suka gagare ni. Siririyar hanyar sun karɓe ta hannu biyu, suna bin ta a jere cikin ladabi. Amma da sun iso bakin koren sai su ja birki, su sauke ƙafa, su tsaya a gefe. Ko tayar gaba ba sa bari ta taɓa shi.

Babbansu shi ne Baba Labbo, wani dattijo daga Ruwan Bore da ke kawo tumatirin fadamarsa kasuwa a cikin kwando, ɗaure a bayan wani tsohon baƙin keke. Siriri ne, gemunsa fari fat, kuma inda ya tsaya nan sauran ke tsayawa. Na ga in na shawo kansa na gama aiki.

Na ce, "Baba, sannu da hanya. Wancan koren dominku aka yi shi. Matsa gaba ka tsaya a kai."

Ya dube ni, ya dubi koren, ya waiga ya dubi motocin da ke jere. Ya ce, "Ni in tahi in tsaya gaban mutane in ba su ƙeya? Foman, ba a yi mani wagga tarbiyya ba. Ka san ko su wa ke cikin motocin ga? Wataƙila malamina na, wataƙila surukina na. Ni da nika sauka bisa keke in na iske manya zaune ƙohwar gida, yau ni za ni gitta gabansu in kahe awa hakimi?"

Na ce, "Doka ce ta ba ka, Baba."

Ya ce, "Doka ta ba ni, amma ba ta ɗauke mani kunya ba. Nan gehe ya ishe ni."

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne na kasa gano inda ya yi kuskure. Ni ma haka aka raine ni. Ko a masallaci ba na ratsa gaban wanda ya girme ni sai na rusuna. Da wane baki zan ce wa sa'an mahaifina ya je ya juya wa jama'a baya?

Da abin ya tsaya a kan kunya kawai, da na bar su. Amma tsayuwar da nake yi kullum ta nuna mini wani abu da ya hana ni sukuni. Duk wanda ya san tirela ya san ƙafafunta na baya ba sa bin sawun na gaba. Idan ta karya kwana sai su yanko ciki, su share duk abin da ke kusurwa. Kafin mu yi fenti, masu keke a warwatse suke, wani ya tsaya can nesa, wani ya sauka ya tura ta bayan masu shayi. Yanzu kuwa farin layina ya tattaro su, ya jawo su har bakin kusurwar, ya ajiye su dab da ƙafar tirela, tsakaninta da kwata. Kuma na gaba a cikinsu kullum Baba Labbo ne. Sau da yawa na ga ƙarfen jikin mota ya wuce kusa da kafaɗarsa har rigarsa ta kaɗa. Tsoro ya kama ni sosai, don na san in wani abu ya sami tsohon nan, layin da na ja da hannuna ne ya kai shi wurin.

Na koma wa Injiniya. Na ce, "Ranka ya daɗe, rabin maganarmu suka ɗauka, kuma rabin da suka ɗauka shi ne mai kashe mutum."

Ya zo ya tsaya tare da ni ya gani da idonsa. Ya gwada yi wa Baba bayani, Baba ya saurare shi har ƙarshe, ya sa masa albarka, ya ci gaba da tsayuwarsa a gefe. Injiniya ya cire tabarau yana goge ido. Ya ce, "A inda na ga wannan tsarin, babu wanda ya taɓa cewa yana jin kunyar mota. Ko dai mu goge ne?"

Na ce, "Mu goge wanne, layin ko koren?"

Shi ma bai sani ba. A ƙarshe ya ce mu ƙara gwadawa zuwa ƙarshen mako, in ya so a san abin yi.

Ranar Larabar da nake ba ku labari, hantsi ya ɗaga, kofur ya tsayar da hanyar Tsafe. Wata tirela maƙare da buhunan masara ta tsaya bayan layi yadda ya kamata. Baba Labbo ya silalo ta siririyar hanya ya tsaya a wurinsa, gefen ƙafar gaba ta dama, ƙarƙashin ƙofa. Na ɗaga masa hannu ya matso, ya yi mini murmushi ya girgiza kai. Kofur ya saki hanya.

Baba ya taka feda zai miƙe, tirela kuma ta fara karya dama. Na ga jikinta yana rufe shi kamar ƙyauren ɗaki. Ban san lokacin da na ruga ba. Ina ihu ina dukan jikin motar da tafin hannu, kofur yana busa usur kamar zai fasa shi. Na ji wani ƙas, sannan birki ya yi ƙara motar ta tsaya. Da na zagayo sai na ga kwalta ta yi ja jawur. Mata suka ɗauki salati.

Tumatir ne. Kwandon ya tsinke ya faɗa ƙarƙashin taya. Baba da kekensa sun kife ta wajen kwata, gwiwar hannunsa ta kuje, amma ga shi nan yana yunƙurin tashi. Na kama hannunsa na ɗaga shi.

Direban ya diro. Matashi ne mutumin Tsafe, daga baya na ji sunansa Nasiru. Ya zube a gaban Baba, ya ce, "Baba, wallahi tallahi ban gan ka ba."

Fuskar tsohon ta canza nan take. Duk fara'ar da na san shi da ita ta ɗauke. Ya ce, "Haka wancan ma yac ce."

Babu wanda ya tambaye shi, shi ya ci gaba, yana nuna kusurwar da yatsa. Ya ce shekarun baya, tun ba a san da wani fenti ba, a daidai wurin nan babbar mota ta take ƙanensa Bawa, yana kan keke da buhun gero. Direban wani yaro ne ɗan Bungudu mai suna Sale. Ya zo gaisuwa har Ruwan Bore tare da mahaifinsa da dattawan unguwarsu, ya durƙusa yana kuka yana rantsuwa bai ga Bawa ba. Baba ya ce ya ƙi karɓar hannunsa, kuma har yau bai yafe ba.

Ya ce, "Ƙaƙa za a ce ba a ga mutum ba? Rana tsaka, ga mutum ga keke ga buhu, shina dab da ƙohwar motarka! Ganinmu sukai sarai. Raini na. Mu ba mutane na ba gare su."

Sai a lokacin na fahimci ba kunya kaɗai ke tsayar da shi a kusurwar ba. Jama'a kuwa sun fara taruwa, 'yan kabu-kabu sun kewaye Nasiru, wani har ya cakumi wuyan rigarsa. Kofur yana ta ba da haƙuri babu mai jin sa. Na ga in ba a yi wasa ba za a yi ɗanyen aiki a gabana.

Nasiru ya ɗago kai ya ce, "Baba, kada ka yarda da rantsuwata. Hau ka zauna inda nike zaune. A mai da keken inda kat tsaya. In ka gan shi, a yi mani duk abin da anka ga dama."

Baba ya ce ya yarda, kuma da ƙarfinsa ya faɗa, irin na wanda ya tabbata zai kama maƙaryaci. Kofur ya sa Nasiru ya ja motar baya ta koma bayan layi inda take tun farko, ya kashe ta. Aka tallafa wa Baba ya hau, ya zauna a kujerar direba, ya kama sitiyari da hannu biyu. Ni aka ce in riƙe keken, tunda ni na san wurin tsayuwarsa. Na tura shi na tsaya a kusurwa, ƙafata a kan farin layin da na ja.

Na ji muryarsa daga sama. "Foman! Na ce ka kai keken inda nit tsaya!"

Na ce, "Ina wurin, Baba."

"Kai dai! Kada ku haɗa baki ku yi mani wayo."

Jama'a suka amsa masa baki ɗaya cewa ga ni nan a wurin. Nasiru, wanda ya hau ya tsaya a matakalar ƙofa kusa da shi, ya ce ya duba madubi. Baba ya ce ya duba, kwata yake gani da rumfar mai shayi. Ya miƙe tsaye ya leƙa, ya koma ya zauna. Na cire hulata na ɗaga ta sama iyakar tsawon hannuna ina kaɗawa.

Ya ce, "Ga wani abu can shina motsi bakin taga. Hula ta?"

Ga ni ƙato, da riga mai ƙyalli, da keke a hannu, rana na dukana, idon jama'a duka a kaina, amma ga mutumin da ke riƙe da sitiyari babu ni a duniya. Ban ji daɗin tsayuwar nan ba ko kaɗan, duk da na san motar a kashe take. Ƙafafuna da kansu suka nemi barin wurin. Na tura keken gaba, na hau koren, na yi ta tafiya har tsakiyarsa, sannan na juyo.

Baba ya buga sitiyari da tafin hannu. "Ga ka! Ga ka nan, kai da keken duka!"

A nan, tsaye a tsakiyar dardumata, kibiyoyin Injiniya suka warware mini. Na gane abin da ya sa aka janye layin motoci baya, na gane abin da ya sa koren ya yi wannan faɗin. Ba don a ɗaukaka mai keke a kan mai mota ba ne. Nan ne kawai wurin da idon direba ke iya sauka a kansa. Ni na auna tazarar da hannuna, na ja igiya, na shafa fenti, ban san me nake aunawa ba.

Na ɗaga kai in yi wa Baba magana, sai na ga ba ni yake kallo ba. Ya juya yana duban tagar dama, inda babu abin da ake gani sai rumfar mai shayi. Ya daɗe a haka. Babu wanda ya ce masa ya sauko, har motocin da suka taru a baya ba su yi oda ba. Da aka sauko da shi, gemunsa a jiƙe yake.

Ya ce a hankali, "Ashe yaron nan gaskiya yah hwaɗi."

Ya kama hannun Nasiru ya riƙe, ya ce ya tafi, Allah ya tsare hanya. Wanda ya cakumi rigar direban ya sulale ya hau babur ɗinsa. Maganar tumatir babu wanda ya tayar da ita. Na wanke wa Baba gwiwar hannu da ruwan mai shayi, ya ɗaure ragowar kwandonsa, ya tura keken ya juya gida.

Da na ba Injiniya labari, ya riƙe kai ya ce, "Ai abin da nake ta zana maka da biro ke nan!" Na ce, "Ranka ya daɗe, da ka ce in hau mota da mun huta." Muka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don mun san saura ƙiris a rasa rai. Ya sa aka ba mu aron tifar ofis, muka riƙa ajiye ta a bakin mahaɗa da safe, duk mai keken da ya yarda sai a hau da shi ya leƙa. Babu wanda ya sauko yana musu.

Washegarin Larabar na yi zaton Baba ba zai fito ba. Sai ga shi, babu kwando, sanye da farar riga da hula irin ta zuwa Juma'a. Kofur ya tsayar da hanya, wata babbar mota ta tsaya bayan layi. Baba ya biyo siririyar hanya, ya iso bakin koren, ya ja birki. Sai ya sauka, ya tura keken har tsakiya, ya juya ya fuskanci motar, ya dunƙule hannu ya jinjina wa direban.

Ya ce da ƙarfi, "Ranka shi daɗe, ka gan ni?"

Direban ya leƙo yana dariya ya ce, "Na gan ka, Baba!"

Sannan ya juya keken ya hau. Ya gaisa, an amsa, ƙeyar da zai bayar yanzu ba ta rashin kunya ba ce. Masu keken da ke bayansa suka dubi juna, suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya juya ya ɗaga hannu. Da aka saki hanya sauran suka miƙe kasuwa, shi kuwa ya karya dama. Na bi shi da sauri na ce, "Baba, ba nan ce hanyar kasuwa ba."

Ya ce, "Bungudu za ni, neman wani yaro. Yanzu kam ya zama magidanci, in shina raye."

Sai da mako ya zagayo na sake ganinsa, da sabon kwando. Na tambaye shi ko ya dace. Ya ce ya sami Sale yana sayar da itace a ƙofar gida, kuma tun ranar Bawa bai sake taɓa sitiyari ba. Ya ce, "Na miƙa mishi hannu. Ya daɗe bai saki ba."

Har yau akwai abubuwan da ban gane ba a aikin nan, kuma na daina jin kunyar faɗa. Amma tun daga ranar ban sake jan layi ba sai na je na tsaya inda wanda zai bi shi zai tsaya, na kuma hau na zauna inda wanda zai iya take shi yake zama. Ku ma ina roƙonku ku yi haka. Fenti yana iya nuna wa mutum wuri, amma ba ya gaya masa dalili, kuma mutanenmu ba sa shiga gaban kowa sai sun san ba su ci mutuncinsa ba.

An sake shafa koren nan bayan na bar sashen, kuma na ji baƙin injiniyoyi suna tambayar me ya sa masu keken wannan mahaɗar suke juyowa su ɗaga wa motoci hannu, alhali babu haka a zane. In sun tambaye ku, ku ce musu ba mu muka zana ba. Wani tsoho ne daga Ruwan Bore ya ƙara shi, domin yana so ya ji da kunnensa an ce an gan shi.